Bakina a Lakwal ɗin Dare

Shekara arba'in da uku ina tare da bakin nan.
Na ci tuwo da shi, na yi ciniki, na yi rantsuwa,
ban san gida ne mai ɗakuna ba
sai da Mushe Asumana ya zana shi bisa allo:
rabin kai, an tsaga kamar kabewa,
a ajin dare, bayan tashar albasa ta Tawa.

Ni albasa na sani.
Daga Galmi zuwa Akra bisa kamiyo,
can tafinta ke cin buhu guda cikin goma
da kalmomin da ba na ji.
Shi ya zaunar da ni benci, gwiwa na dukan tebur,
tsakanin Barira ta farmasi
da wani ɗan jandarma mai barci.

Mushe ya ce baƙi tare hanya ne.
Iska ta taso daga huhu, an sa mata shinge.
Inda aka tsai da ita, da yadda aka sake ta,
shi ne sunan baƙin.
Na ce a raina, ashe duwan ce.

Ya yaga takarda ya ba kowa,
ya ce riƙe ta gaban leɓɓa.
In ka ce p ta Ingilishi, sai ta yi tsalle,
in ka ce b, ko gezau.
Tawa ta tsaya ƙyam kamar mai bin bashi.

Mu a Adar ba mu cizon leɓe don magana.
Hwari muke cewa, tahiya muke yi,
iska na fita sarai ba mai tambayarta takarda.
Yanzu wai haƙoran sama su hau leɓen ƙasa
kafin f ta yarda ta fito,
kamar mai danne fushi gaban suruki.

Sa yatsa a maƙogwaro, in ji shi.
S, taya ce ta taka ƙusa.
Z, zuma ta shiga gora.
Wuri ɗaya harshe yake, bayan haƙora, kusa da hanƙa,
ziza kaɗai ta raba su.
Na toshe hanci, m ta mutu a hannuna.

Sai wanda ake rubutawa da t da h.
Fito da kan harshe tsakanin haƙora, ka hura.
Kan wannan gwalon inna ta mare ni ina yaro.
Ga kuma giɓin da ƙofar kamiyo ta bar mini
a kan iyakar Burkina:
iska ta bi ta nan ta yi fito,
Barira ta kifa kai bisa kaye tana dariya.

R ɗinsu ba ta kaɗawa,
harshe ya zo kusa da ganɗa ya ƙi taɓawa,
baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma ya tsaya a tsaye.
Sukan jera baƙi uku ba wasali,
ni kuwa tausayi ke sa in cusa musu guda
su sha iska.

Da aka tashi na tambaye shi,
ina ƙ, ina ɗ, ina ts a zanen nan?
Ya ce ba su da su.
Mai harshen nan zai yi gumi kafin ya ce ƙaiƙayi.
Na hau babur da wannan a aljihu.

A tsakar gida na ci gaba da hura takarda.
Hamsatu ta leƙo, ta ce tofi kake yi wa wa?
Sahiya, mai shekara uku, ta fizge ta daga hannuna,
ta kumbura kumatu, ta ce p,
takarda ta yi tsalle tun karon farko.

Lodi jibi ne.
Tafinta zai ci buhunsa wannan karon ma,
amma zan tsaya kusa,
ina kallon inda yake ajiye harshensa.