Rabon Ruwa a Ɗakin Sanyi

Ƙarfe ɗaya na dare a Bunkure.
Gari ya yi tsit, sai kwaɗin kanal
da gurnanin fankoki cikin akwatin ƙarfe.
Ni kaɗai a ɗakin saba,
da rigar sanyi a tsakiyar bazara,
gabana suwic mai baki arba'in da takwas,
kowane baki da koren idonsa, yana ƙifta mini.

Da can tafki ɗaya ne a nan.
Katin marasa lafiya, kuɗin ƙungiyar manoma,
makin jarrabawar yara,
har ƙwallon da maigadi ke kallo a waya,
duk wuri guda suke wanka.
Ranar da kwamfutar Uwani ta kwaso cuta,
kafin la'asar kowa ya sha.

Shi ne aka ce in zo in raba.

Ubana, Ilu mai ƙofar ruwa,
shekara talatin yana murɗa ƙarfe a Kadawa.
Bai taɓa ƙara wa kanal ko moɗa guda ba.
Nasa dai ya ce wa ruwa: bi nan, kar ka bi can.
Litinin masu tumatir, Laraba masu shinkafa,
ko da surukinsa ne ya zo da goro.
Yakan ce, ruwan da bai san gonarsa ba
sunansa ambaliya.

Na rubuta: goma, asibiti.
Ashirin, ƙungiya. Talatin, makaranta.
Casa'in da tara na ajiye wa kaina,
'yar siririyar hanya ta mai gyara.
Ba bulo, ba laka, ba dannin kara,
katangar lamba ce, ido ba ya ganin ta,
amma baki na bakwai da na takwas,
da ke zaune kafaɗa da kafaɗa,
daga yau ba su ƙara jin hirar juna.

Kebul ɗaya ne ke hawa zuwa suwic na sama,
shi zai ɗauki kowa,
sai dai kowane saƙo da shaida a goshinsa,
kamar buhuna a motar Dawanau,
kowanne da sunan mai shi cikin jan fenti.

Sai na yi ta ɗan'adam.
Na lissafa masu izinin wucewa,
na manta da tawa lambar. Na danna.
Allo ya ƙame.
Na datse ƙofa ina waje, mabuɗi yana ciki.

Na yi dariya ni kaɗai,
don na tuna shekarar da Baba ya shayar da gari kaf
ya mance fegin albasarsa.
Na lalubo shuɗin kebul a ƙasan jaka,
na durƙusa bayan akwatin, gwiwa a siminti,
na yi wa suwic magana baki da baki.

Sannan gwaji.
Daga talatin na ƙwanƙwasa wa goma: shiru.
Na sake: shiru.
Ban taɓa jin daɗin rashin amsa sallama haka ba.
Daga goma zuwa goma kuwa, nan take aka ce, shigo.
Na adana, sau biyu,
don ban yarda da batirin sola ba.

Da asuba Baba Cindo ya leƙo da butarsa,
ya dubi ɗakin, ba abin da ya motsa.
Ya ce, "To me ka gina tun jiya?"
Na buɗe baki, na rasa abin nunawa.

A hanyar gida, ta bakin kanal,
wani yaro da ban sani ba yana murɗa ƙarfen Baba.
Yau Laraba ce.
Na tsaya har ruwan ya karkata.