Awon Shiru

A shagon Baba Akanji, ƙarƙashin gadar Ijora,
inda gishirin teku ke cin kusa da kwaɗo,
aka dire mana rediyon jirgin masunta,
yana warin man gas da ƙayar kifi.
Matuƙin ya ce: in na yi kira daga kan ruwa,
sai a ce muryata kamar ana yaga atamfa.

Baba bai tanka masa ba. Ya miƙo mini sukudireba,
'yar siririyar nan ta roba, mai bakin tsinke.
Ya ce: Sallau, kwance eriya, ɗaura ta ƙarya,
kada mu cika wa Ikko kunne a banza.
Zare makirfo. Yau ba magana za mu auna ba,
shiru za mu auna.

Na yi dariya. Wa ya taɓa ɗora shiru a sikeli?

Ya tare hanyar wuta da mita, ya danna maɓalli.
Allura ta ɗan motsa
kamar mai barcin da ƙuda ya sauka wa a hanci.
Miliyam goma sha biyu.
Ya ce: ka ga yunwa ke nan.
Taransista biyu ne a ciki, turmi ɗaya suke lugude,
wannan ya sauke, wancan ya ɗaga.
In ba 'yar wuta a jikinsu tun murya ba ta iso ba,
kowa sai ya makara da taɓaryarsa,
a wannan ratar kalma ke karyewa.

Na murɗa da hannun yaro, hannun direban danfo.
Allura ta zarce ɗari uku tana neman huɗu.
Ya make mini yatsu. Taɓa ƙarfen nan!
Na taɓa, na kai yatsa baki.
Zafi na kiran wuta, wuta na kiran zafi,
taron da ba a watsewa sai an ga hayaƙi,
kuma ƙwaya ɗaya a Alaba ta fi kuɗin hayarka.

Na dawo baya a hankali,
kamar mai sa gishiri a miyar baƙo.
Ɗari. Abin da takardar akwatin ta nema ke nan.
Na ɗaga kai ina jiran madalla.
Ya ce: zauna. Akwati mai sanyi maƙaryaci ne.

Muka zauna.
Tirela ta wuce a sama, silin ya zubo mana ƙasa.
Ya raba burodi biyu, ya ba ni babban.
Janaretan maƙwabci ya yi tari ya huta.
Rubu'in awa, ƙarfe ya yi ɗumin goshin jariri,
ashe allura ta sulale ɗari da ashirin ba sallama.
Na ja ta baya da kaurin gashi.
Ta tsaya. Muka ƙara jira. Ba ta gusa ba.
Ya ciro kwalbar jan-farcen da ya sato wa matarsa,
ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan kusar,
don igiyar ruwa ma tana da yatsu.

Matuƙi ya biya rabi, ya rantse kan saura.

Da dare, a ɗakinmu na mutum shida a Agege,
na kwanta, ni ba barci ba, ni ba farke ba,
wayata a kan ƙirji, ba wanda ya ce uffan.
Ina jin 'yar wutar nan tana bin haƙarƙarina,
ɗari cif,
ko Inna za ta kira daga Gumel.