Ƙyastun Nomau

Tun kaka na yi wa Mamuda alkawari,
ranar da ya tono ƙyastun kakansa a ƙasan adaka
ya ce, "Baba, wannan mabuɗin ina ne?"
Na ce na wuta ne.
Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Muka ɗaure tabarma a bayan babur,
da gora, da adda, da garin rogo a leda,
muka bar Koko da hantsi
muna neman dajin da zai sauki baƙi biyu kwana ɗaya.

Inda Nomau ya koya mini ɗana tarko
shinkafa ce yanzu, kore shar, har inda ido ya gaji.
Injin ban ruwa na tari a gurbin kanyar nan.
Na miƙa yatsa, na ce, "Nan ne."
Yaron ya bi yatsan, bai tarar da komai ba.

Gaba kaɗan ƙirya ta zama gawayi,
buhu kan buhu a bakin titi.
Na gaishe su a zuci, kamar mai wuce maƙabarta.

A ƙauye na uku mai unguwa ya dube mu, ya dubi addar,
ya ce, "Wancan dajin yana da masu shi yanzu,
kuma ba aljannu nake nufi ba."
Muka sha ruwansa, muka juya.

La'asar sakaliya, a gefen Shanga,
Inna Tsahara na ɗaurin ƙirare.
Ta ji buƙatarmu, ta riƙe haɓa:
"Mutane na gudun daji, ku kuna biɗar shi?"
Ta nuna bayan gonarta:
marke goma sha wani abu, kalgo, tsamiya guda,
ɗan kurmin da marigayi mijinta ya hana wa gatari.
"Ku kwana. Amma ban da ɗanye.
Busasshe ya ishe ku."

Na koya masa share makwanci saboda kunama,
da duba sama kafin shimfiɗa, kada mataccen reshe ya yi sallama cikin dare.
Na nuna masa sawun zomo, da na gafiya mai jan wutsiya.
Na ce ɓawon kalgo igiya ne,
muka bar shi a jikin mai shi, don Inna.

Sai wuta.
Shekara ashirin hannun nan na bin keken ɗinki,
ya manta yadda ake yi wa dutse magana.
Na ƙyasta, na ƙyasta, audugar rimi ta yi kunnen ƙashi.
Na fasa ɗan yatsa. Magariba ta kawo kai.
Ina jin ashana na motsi a aljihun yaron,
bai fito da ita ba.
Ya ce, "Kawo in gwada."
A bugu na tara tartsatsi ya faɗa inda ake so,
ya durƙusa yana hurawa a hankali
kamar mai yi wa jariri raɗa,
irin durƙuson Nomau sak, wanda bai taɓa gani ba.

Da dare na nuna masa Kaza da 'Ya'yanta ta tsakanin ganye.
Ni ina jin janareton ƙauye, da rediyon wani,
da kukan jaki ba nisa,
na san taku ɗari ya fitar da mu daga wannan daji.
Shi kuwa ya matso jikina, ido waje,
ya ce, "Baba, anya akwai ƙarshensa?"
Na ce, "Yi barci."

Gamzaki na sama muka kashe toka da sauran ruwan gora.
Inna ta iso da kunu a ƙwarya,
ba ta amsa gaisuwa ba tukuna
sai da ta gama ƙirga itatuwanta, leɓe na motsi.
Suka cika.
Ta miƙa wa Mamuda ludayi.
Ƙyastun na aljihunsa, ban ce ya ba ni ba.