Hular Aro

Ƙarfe huɗu na asuba a Sarajevo,
ni da haƙorina kaɗai muke farke a gari.

Kwana goma sha ɗaya ke nan
da Likita Vildana ta kwantar da ni, ta fafe shi da sauri,

ta kifa masa wata 'yar hula ta roba,
ta ce, "Ta aro ce, Zijad, ta gasken tana tafe, ka yi haƙuri."

Na ce to. Me zan ce da leɓen da allura ta kashe?
Mai cewa a yi haƙuri, ba a bakinsa ake sassaƙa haƙori.

Turmi ne na ƙasa, na dama, can ƙurya,
shekara arba'in yana yi mini niƙa, bai taɓa neman kirari.

Yanzu zugi yake, ba gaggawa,
kamar marowaci yana ƙirga kuɗinsa ɗari-ɗari.

Mevlida ta aza gahawa, ta zuba mini a ƙaramin kofi,
na kurɓa sau ɗaya, idona ya kawo ruwa, na ture sukari.

Na ɗauko tarago mai lamba uku daga Ilidža,
dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, titi ya yi fari.

Duk tashar da na buɗe ƙofa
fasinja su shigo, sanyi ya biyo su,
su su nemi kujera, shi kuwa ya riga ya san wuri.

Inda dogo ya haɗu da dogo, ƙarfe ya ce ƙwas,
in ji shi a muƙamuƙi, a kunne, kamar an kai mini mari.

Wata tsohuwa ta tambaye ni hanyar asibitin Koševo,
na amsa ta ciki-ciki, ta sauka tana cewa direbobin yanzu sai a bari.

Slavko ya ce in jiƙa auduga da barasa in cusa,
na ce ka san ina salla. Inna ta aiko da kanumfari.

Belma ta duba a waya, ta ce jijiya ce take mutuwa,
na ce ajiye wayar nan, miƙo mini ruwan gishiri.

Ranar Litinin na koma.
Ta sa mini shuɗiyar takarda, ta ce ciza, sake ciza,
ta ce hular ce ta yi tudu, ta goge ta, ta ce yanzu ta hau tsari.

Hoto bai nuna komai ba. Na dube shi ni ma:
saiwa biyu tsaye lafiya lau, sun rufa wa ciwo asiri.

Kwana biyu na samu, har na ci tuffa.
Daren na uku ya dawo, har da ƙari.

Ni da na ɗebo ruwa a garin nan harsashi na wucewa,
hunturu uku ba wuta, ban yi raki ba, a tambayi labari,

yau ga ni zaune a bakin gado, tafi a kunci,
abin da bai kai ƙwayar wake ba ya sa ni nazari.

Harshe ma ya ƙi ji, sai ya je ya taɓo,
an ce suna saɓawa, amma ban ga maƙwabci mai naci irinsa ba a sarari.

Ta gasken tana can Grbavica cikin aljihun tebur,
an manna sunana a kwali, Alhamis za a yi shiri.

Sai dai tambayar da ban yi wa Vildana ba:
in wutar a ƙasa take, me sabon murfi zai yi, komai tauri?

Ladan ya kira. Mevlida ta yanka mini burek ƙanana-ƙanana,
na jira ya huce, na tura shi hagu,
ina tauna a hankali, kada in tayar da mai gari.