Gwiwa ta Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Ƙarfe huɗu na asuba a Port Arthur.
An kashe wa matatar mai wuta don gyara,
iskar teku tana kawo warin gishiri da ƙibiritu.
Na hau tsani da bindiga a ƙugu,
bindigar da ba ta san harsashi ba,
haske take harbawa cikin ƙarfe
ta tambaye shi: kai ɗan gidan wa ne?

A ido duk bututu ɗaya ne,
toka-toka, an lulluɓe su kamar masu masassara.
Na yaye mayafin, na gurje tsatsa
har fatar ta fito fes,
na ɗora bakin bindiga, na danna, na ƙirga goma a zuci.
Kuromiyam tara cikin ɗari, molibdinam ɗaya.
Madalla. Na rubuta, na matsa.

Haka tun Litinin.
Ɗari biyu da sha shida, ba wanda ya yi mini ƙarya.

Ta sha bakwai gwiwa ce,
can sama inda layin ya karya hagu.
Tambarin jikinta ya ce 'yar dangi ce,
takardarta da sa hannu, da hatimi, da kwanan wata.
Na harba. Allo ya ce baƙin ƙarfe ne zalla,
irin na ƙyauren gareji.
Na sake gurzawa, na sake harbawa.
Na ciro ɗan guntun da ke aljihuna,
wanda na san asalinsa kamar yadda na san sunan mahaifiyata,
na gwada a kansa.
Bindiga lafiyarta ƙalau.
Gwiwar ce baƙuwa.

Kama da wane ba ta wane.

Wa ya san shekara nawa ta yi a nan,
tafasasshen mai yana bi ta cikinta dare da rana,
ƙibiritu yana cin ta kamar gara a azara,
waje sumul, ciki saura ɓawon albasa?
Wata rana wani ya miƙa hannu kan kanta da dare,
ya ɗauko ta kusa da wadda ake nema.
Ba mugu ba ne. Gajiya ce, ko sauri.

Babana a maƙerarsa ta Ɗambatta ba shi da allo.
Yakan ƙwanƙwasa ƙarfe ya kasa kunne,
ya kai shi dutsen wasi ya karanta tartsatsi,
ya ce wa mai shi: wannan na fartanya ne,
kar ka sa ni in yi maka gatari da shi.
Mutumin ya tafi yana gunaguni.
Baba ya ce mini, Barau, ci gaba da zuga.

Wendell Broussard ya hau da kofi a hannu,
yana haki, yana duban agogo.
Kwana uku ya rage a kunna wuta, in ji shi,
kuma takarda ta ce daidai ne.
Ban yi musu ba. Na juya masa allon.
Ya duba, ya daɗe yana dubawa,
sannan ya leƙa ƙasa ta ramukan dandamali
inda Ramiro da yaransa masu walda
suka zauna kan bokiti suna karin kumallo,
daidai ƙarƙashin gwiwar.
Bayan shinge, motar makaranta mai ruwan ɗorawa
ta tsaya ɗaukar yara biyu.

Ya yi ashar ƙasa-ƙasa.
Ya ajiye kofin, ya zaro jan fenti daga jakata,
da hannunsa ya zagaye ta, ya ja gicciye.

Gobarar da ba ta tashi ba, jarida ba ta san ta ba.
Ba mai kiran sunana a rediyo.
Yamma ta yi za a yanke ta, a jefa cikin tarkace,
ta faɗi da amo irin na kowane ƙarfe.

Gwiwata ni ma ciwo take, tsanin da tsawo.
Na goge gumi, na gyara hular kwano,
na durƙusa gaban ta sha takwas,
na yi mata sallama kamar sauran,
na tambaye ta asali.