Dunduniyar Hagu

Shekara ashirin da biyu ina gyaran takalma
a wani lungu na Valparaíso,
birnin da aka ɗora a kan matakala.
Miƙo mini takalminka, ba sai ka yi magana ba,
zan gaya maka ko dako kake yi a tashar jiragen ruwa,
ko gwiwarka ta fara yi maka gardama,
ko kana jan ƙafa in za ka koma gida.

Amma na 'yata, ɗan ja mai maɓalli,
kwana tara yana bakin ƙofa
ban juya shi na duba ba.

Ximena ce ta fara ji. Ji, ba gani ba.
Ta ce, saurari saukowarta.
Ƙwas, sai shiru, sai ƙwas,
kamar agogon da ya manta rabin aikinsa.

Maite, kin faɗi ne? A'a.
Wani ya ture ki a makaranta? A'a.
Ina ke ciwo? Ta nuna gwiwa.
Washegari ta nuna ƙugu.
Ran Laraba ta nuna 'yar tsanarta,
ta ce ai wannan ce ba ta da lafiya.

Ba kumburi, ba ƙaya, ba zazzaɓi.
Likita Urrutia ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta sake lanƙwasawa,
yadda nake gwada fata kafin in saya.
Ni fuskarta nake kallo, ba hannunta ba.
Ta ce sau da yawa ba komai ba ne.
Sau da yawa.
Na zuba kalmomin nan uku a aljihu tare da ƙananan ƙusoshi,
duk inda na zauna sai sun soke ni.

An ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙashi.
Sai Litinin, in ji su.
Ranar kuwa Alhamis ce.

Matakala ɗari da goma sha huɗu daga titi zuwa gidanmu.
Ban taɓa ƙirga su ba sai yanzu
da nake hawa da ita a wuyana,
ta kama kunnuwana kamar sitiyari,
tana lissafa jiragen da ke kan teku,
tana tsallake bakwai, don ba ta son bakwai.

Mahaifiyata ta ce tsawo ne, ƙashi ke miƙewa,
kai ma ka yi, ga ka nan kamar falwaya.
Ta kunna kyandir duk da haka.
Maƙwabcinmu Evaristo ya soma labarin jikan wani,
Ximena ta tashi ta rufe taga.

Baki shi ke yanka wuya, sai muka kulle namu.
Akwai sunan da ba mu kira a gidan nan.
Tsakar dare hasken waya na ƙarƙashin bargo,
tana karanta abin da bai kamata ta karanta ba.
Na yi kamar ina barci.
Ta san ba barcin nake ba.

Ran Asabar kyanwa ta gilma, Maite ta bi ta da gudu.
Taku ɗaya, biyu, har shida, sumul!
Na miƙe da guduma a hannu, zan ƙwala wa Ximena kira,
sai na bakwai ya zo da ɗingishinsa.

Daren Lahadi na juya takalmin.
Na dama ya cinye, ya sha aiki.
Dunduniyar hagu kuwa kamar jiya na buga ta.
Ashe ta daɗe tana lallaɓa ƙafar nan,
wata guda, ko fiye,
tun kafin kunnen uwarta ya kama.
Iyakar abin da takalmi ya sani ke nan.
Dalili ba ya zama a tafin takalmi.

Na ɗauki basilla, na ajiye.
Babu abin ɗinkewa.
Na goge su duka biyun har suka yi ƙyalli,
na jera su a bakin ƙofa,
na sa wayata a caji,
na ƙure mata ƙara.