Tuƙar Lemo

A bayan kamfanin matse lemo na Alzira
akwai tudun da ba ya cikin taswira:
ɓawo, tuƙa, 'ya'yan da inji ya tofar,
rawaya da safe, da azahar sai tsami,
ƙudaje na taro a kai kamar an gayyace su.
Shekara talatin ina wucewa ina toshe hanci.

Sai buhun sha'ir ya yi tsalle,
kuɗin ciyawa ya rufa masa baya,
ni kuwa zomaye ɗari huɗu na kallona
ta tsakanin wayar keji,
hanci na rawa, ba ruwansu da farashi.
Kowa ya ci zomo ya ci gudu, haka ne,
amma a tambayi mai ciyar da shi.

Neus, autata, ta dawo daga jami'a
da littafi mai layi-layi da kwalbar farin gari.
Ta nuna tudun, ta ce, "Baba, ga abinci can."
Na ce, "Bola dai."
Ta ce, "Bola ce don ba wanda ya shanya ta."

Ban jira ta ba. Na kwaso jiƙaƙƙiya
na zuba musu da daddare, ina jin ni gwani ne.
Kwana uku ta yi funfuna.
Bakwai na binne a gindin zaitun,
'yan yaye, kowanne bai cika tafin hannuna ba.
Neus ba ta ce komai ba.
Shirun nan ya fi zagi.

Muka hau rufi muka baza tuƙar a rana
har ta yi ƙaras kamar ƙanzo.
Muka niƙa, muka auna:
kaɗan a dusa, kada zaƙi ya yi yawa.
Sannan farin garin, ɗan tsunkule a mudu.
Inzayim, in ji ta.
Na ce a yi min bayani irin na tsofaffi.
Ta ce, "Ɓawo ɗaki ne a kulle, abinci na ciki;
wannan shi ne ɗan makullin
da zai taya hanjin yaro buɗewa."

Duk Asabar sikeli,
ita da biro, ni da zomo a hannu yana harbin iska.
Layin hagu tsohon abinci, layin dama na lemo.
Mako na biyu, babu bambanci, na yi tsaki.
Na biyar, allura ta ɗan karkata dama,
ba da yawa ba,
daidai abin da zai hana ni sayar da motar.

Ran Lahadi na hura itacen lemo,
shinkafa a faffaɗan kasko, wake, naman zomo.
Maƙwabcina Batiste ya tauna, ya lumshe ido,
ya rantse yana jin ƙamshin ɓawo a ƙashi.
Ƙarya yake, na san shi, amma na ƙara masa.

Jiya na koma kamfani da buhuna goma.
Sun kewaye tudun da waya,
sun sa wani yaro da rasit a bakin ƙofa.
Ya ce yanzu kilo-kilo ake sayarwa.
Na tsaya ina lalube a aljihu,
ƙudajen kuwa na shiga ta saman waya
kyauta, kamar da.